Na Kalli Wasan Bombino a Yamai, Na Kuma Gaisa da Shi Bayan An Tashi

Wasan da Omara Moctar, makaɗin jitar nan na Agadas wanda aka fi sani da Bombino, ya yi a wani buɗaɗɗen dandali a birnin Yamai cikin sanyin hunturu ya ci kuɗin tikitinsa har da ƙari, ko da yake masu shirya taron sun yi sakaci a wasu wurare, waɗanda zan faɗe su kamar yadda na gan su. Ina rubuta wannan sharhi ne domin mutanenmu da suke jin sunansa a rediyo ko suke ganin bidiyonsa a waya, suna shawarar ko ya dace su fitar da kuɗinsu su je kallon mutumin da ba da harshensu yake waƙa ba. A ganina ya dace ƙwarai, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin mutumin, domin yadda yake a kan dandamali haka yake bayan ya sauko, kuma kusantarsa ba da kuɗi ake sayen ta ba.

Zan fara da ƙofa, tun da ta nan kowa ya bi. Tikiti iri biyu aka sayar, akwai na kujerun gaba mai tsada, akwai kuma na gama-gari wanda mutum zai tsaya ko ya nemi wuri a kan benci daga baya. Na gama-garin na saya, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ba, duk da cewa na ga ɗalibai suna harhaɗa kuɗi a bakin ƙofa kafin su samu na shiga. An rubuta a takardar sanarwa cewa za a fara bayan sallar isha'i, amma sai da dare ya yi nisa kafin a ji motsin jita. Ƙofa ɗaya tak aka buɗe wa jama'a masu yawa, ana caje kowa ɗaya bayan ɗaya, mata masu goyo suna tsaye cikin ƙura da iska mai sanyi, kuma babu wanda ya ga ya kamata a ware musu layi ko a fito a ba mutane haƙuri. Binciken ƙofa dole ne a wannan zamani da muke ciki, ba ni da ja a kansa, kuma masu tsaron sun yi aikinsu cikin ladabi. Tsari ne ya gaza, domin da an buɗe ƙofa ta biyu da kowa ya shiga a kan lokaci. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka kewaye sahun gaba da igiya saboda manyan baƙi, waɗanda yawancinsu ba su zo ba, kujeru suka zauna wayam a gaban mai wasa alhali masoyan kiɗan na haƙiƙa suna can baya suna miƙa wuya.

Mai gabatarwa ya ɗauki lokaci mai tsawo yana jero ƙasashen da baƙon namu ya taka da manyan wuraren da ya yi wasa. Shi kuwa da lokacinsa ya yi sai ya fito a natse, sanye da doguwar riga ta shadda da dogon farin ƙyalle rataye a wuyansa, ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna wa jama'a, ya zauna a kan kujera ya ɗauki jitar katako wadda ba ta lantarki ba. Babu rakiya, babu kirari, bai ma jira tafi ya lafa ba ya fara gyara tsirkiya. A gefensa mutum ɗaya ya zauna da kifaffiyar ƙwarya a gabansa, wani kuma ya riƙe jita ta biyu. Da waɗannan kaɗai aka yi kashin farko na wasan, kuma a wurina wannan kashi shi ne zuciyar daren.

Da yake na samu na kutsa zuwa gefen dandamali, na ga hannunsa sosai, kuma abin da na gani ya cancanci a tsaya a kansa. Ba ya amfani da ɗan robar nan da makaɗan Turawa suke kaɗa jita da shi. Babban yatsansa na dama yana kan tsirkiya mai kauri, yana bugun ta ba fashi, ita ce take riƙe ƙasan kiɗan da murya ɗaya wadda ba ta canzawa, yayin da manunin yatsa yake tsintar waƙar a kan siraran tsirkiyoyi. Hannun hagu kuwa ba danna tsirkiya kawai yake yi ba, dukan ta yake yi yana fizgewa, ta yadda bugu ɗaya na dama yake haifar da sauti uku ko huɗu a jere. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ko mai molo zai gane wannan hannu nan take, domin hanyar kaɗa kayan kiɗan tsirkiya ta ƙasarmu ce aka ɗauko aka ɗora wa jita. Mai ƙwarya yana dukan tsakiyarta da dunƙulen hannu ta ba da amo mai zurfi, sannan ya bi gefenta da yatsu ta yi ƙas-ƙas. Da jama'a suka shigo da tafi, sai abin ya zama kamar lugude a turmi ɗaya, wannan taɓarya tana sauka wannan tana tashi, babu wadda take karo da 'yar uwarta. Ba abin mamaki ba ne, domin gangar gargajiya ta Abzinawa da ake kira tende da turmi ake yin ta, a rufe bakinsa da fatar akuya, mata su kewaye shi suna waƙa da tafi, maza kuma suna zagaya su a kan raƙuma. Daga can wannan tafi ya samo asali, kuma matan Abzinawa da suke cikin taron su ne suka ja ragamarsa, mu sauran muka bi bayansu. Duk sanda kiɗan ya kai wani gaci sai su rangaɗa guɗa, shi kuma ya ɗago kai ya yi murmushi ya sake sunkuyawa a kan jitarsa.

Waƙoƙin wannan kashi masu sanyi ne, akwai kewa a cikinsu, kuma wanda ya san inda mutumin ya fito ba zai yi mamakin haka ba. An haife shi a 1980 a Tidene, wani zangon makiyaya da yake kimanin kilomita 80 daga Agadas. Yana ɗan shekara 10 tawayen Abzinawa na 1990 ya ɓarke a Nijar, aka gudu da shi tare da mahaifinsa da kakarsa zuwa Tamanrasset a kudancin Aljeriya, kuma a zaman gudun hijirar ne jita ta fara shiga hannunsa, wadda wasu 'yan uwa suka zo da ita gidan. Ya zauna a Libiya ya yi kiwo, yana kallon bidiyon shahararrun makaɗan jita Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon hannunsu. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda Nijar take hutun tunawa da ita kowace shekara, ya dawo Agadas a 1997 ya kama kiɗa gadan-gadan. Da rikici ya sake tashi a 2007, aka koma kallon jita a hannun Ba'abzine a matsayin alamar tawaye, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere zuwa Burkina Faso. Sai a Janairun 2010 ya koma gida, ya yi wasa da izinin Sarkin Abzin a gindin babban masallacin Agadas, mai hasumiyar ƙasar nan da tsayinta ya kai mita 27. Mutumin da aka raba da gidansa sau biyu kafin ya cika shekara 30, idan ya rera waƙar kewar gida, ba aron bakin wani ya yi ba, kuma ana jin haka a muryarsa ko da ba a fahimci kalma ɗaya ba.

Wannan ya kawo ni ga batun harshe, wanda shi ne abin da zai fi damun Bahaushe. Da Tamashek, harshen Abzinawa, yake waƙa tun daga farko har ƙarshe, kuma mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya tsayawa tsakanin waƙa da waƙa ya yi dogon bayani, iyakarsa ya yi godiya ya tambayi jama'a ko suna lafiya ya ci gaba. Mu kuwa mun taso ne da waƙar da magana ce jarinta. Wanda ya saba da Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ya saba da jiran baiti, ya ji habaici ko nasiha ko labari, kiɗan kalangu ko na kuntigi yana biye ne kawai yana yi wa magana rakiya. A wurin Bombino abin ya juya, jita ce a gaba, murya tana shigowa ta faɗi 'yan kalmomi ta koma ta ba ta wuri. Na yi sa'a wani matashi ɗan Agadas da yake tsaye kusa da ni ya riƙa gaya mini ma'anar waƙoƙin a taƙaice, wannan a kan hamada da kewarta, wannan kira ne ga 'yan uwa su haɗa kai su yi haƙuri, wannan a kan neman ilimi, wannan kuma ta soyayya ce. Da wannan ɗan bayani jin daɗina ya ƙaru sosai, shi ya sa nake ganin masu shirya taro a gari irin Yamai, inda Hausa da Zabarmanci suka fi yawa a bakin jama'a, ya kamata su tanadi wata 'yar takarda ko su sa mai gabatarwa ya faɗi jigon waƙoƙin tun kafin a fara. Lokacin da aka ɓatar wajen jero sunayen ƙasashe da ya isa a yi wannan.

Daga nan aka janye kujera, ya miƙe tsaye ya rataya jitar lantarki, aka kawo mai jerin ganguna da mai jitar nan mai kaurin murya. Wanda ya ga kashin farko kaɗai ba zai yarda mutum ɗaya ba ne. Kiɗan yakan fara a hankali, da ɗan gajeren salo wanda ake maimaitawa, sannan mai ganga ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan ta yadda ba za ka lura ba sai ka ji ƙafarka ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Shi kuma yana dogara da ƙafa ɗaya yana jefa ɗayar gaba, rigar shaddar tana kaɗawa, yatsunsa suna gudu a wuyan jita har ido ba ya iya bin su, fuskarsa cike da fara'a kamar shi ma kallo ya zo. Waƙa ɗaya takan yi tsawo sosai, kuma tsawon nan shi ne sirrinta, domin sai an maimaita salon har ya zauna a jiki sannan ɗan canji kaɗan yake tayar da tsikar jiki. A wasu waƙoƙin ya sassauta ya shigo da salon rege, wanda ya fara haɗawa da kiɗan Abzinawa a faifansa mai suna Azel na 2016, kuma a nan ne matasa suka fi yin sowa. Kafin a kai tsakiyar wannan kashi igiyar manyan baƙi ta riga ta faɗi ƙasa, samari masu rawani da amawali sun cika gaban dandamali suna taka rawa da kafaɗa da hannuwa a buɗe, 'yan mata suna gefe suna tasu, kuma ban ga hatsaniya ko rashin ɗa'a ba har aka tashi.

A wannan kashi ne sakaci na biyu ya bayyana, wato na sauti. Mai kula da na'urorin sauti ya ƙure ƙarar ganguna da ta jita mai kaurin murya har suka danne muryar mai waƙa, wadda da ma siririya ce mai taushi. Lasifikar ɓangaren hagu ta riƙa yin ƙara mai huda kunne duk sanda ya matso kusa da makirfo. Na lura da yadda ya ɗauki abin, domin a irin wannan wuri ne ake gane halin mai wasa. Bai tsayar da kiɗa ba, bai harari kowa ba, bai yi wa ma'aikacin faɗa a gaban jama'a ba. Ya ɗan juya ya yi masa alama da yatsa cewa ya ɗaga murya ya rage ganga, da hakan bai samu ba sai ya ja da baya daga makirfon ya bar jita ta ci gaba da magana har aka gyara. An gyara ɗin, amma sai bayan an yi asarar waƙoƙi biyu ko uku, kuma wannan asara ce ta wanda ya biya kuɗi. Mawaƙin da ya yi aiki a manyan ɗakunan ɗaukar sauti na Amurka da Maroko ya cancanci a gwada masa kayan aiki tun da rana, kafin jama'a su taru.

Akwai wani abu da na daɗe ina tunani a kansa tun daga wannan dare, shi ne batun liƙi. A yawancin wasannin da muka saba zuwa, wanda ya fi kuɗi shi ya fi kusa da mawaƙi. Zai hau dandamali ya yi ta zuba takardun kuɗi, a tsayar da waƙa a kama sunansa da na ubansa da na kakansa, mai ƙaramin tikiti kuma ya koma ɗan kallon masu kuɗi. Ba ina aibata sana'ar roƙo ba ce, tana da tarihinta da mutuncinta, kuma manyan waƙoƙin da muke taƙama da su, irin na Ibrahim Narambaɗa, a fada aka haife su don yabon sarakuna. Sai dai wasan da aka sayar wa jama'a tikiti ba fada ba ne kuma ba gidan biki ba ne, kowa ya biya ne domin ya ji waƙa. A wannan dare ma an samu waɗanda suka hau suka liƙa masa kuɗi a goshi da kafaɗa, kamar yadda aka saba a ko'ina cikin ƙasashenmu. Ya sunkuyar da kai ya nuna godiya, amma hannunsa bai bar jita ba, bai kama sunan kowa ba, waƙar kuma ba ta karkata ga wanda ya yi liƙin ba. Abin da mai kujerar gaba ya ji shi ɗalibin da ya harhaɗa kuɗin shiga ya ji, babu ragi babu ƙari. Wannan adalci ne, kuma na fi ganin girman mai wasa a cikinsa fiye da a cikin saurin yatsunsa.

Domin kada sharhin ya zama yabo zalla, zan faɗi inda wasan kansa yake da rauni. Waƙoƙin kashin lantarki suna kama da juna ƙwarai, sau da yawa a kan murya ɗaya ake gina su, da tsari ɗaya na farawa a hankali a ƙare da gudu, ta yadda wanda bai saba ba zai iya ɗauka waƙa ɗaya ake ta maimaitawa. Na ga wasu dattawa sun tashi tun kafin a gama, kuma na fahimce su. Da an dawo da jitar katako sau ɗaya a tsakiya, kunne ya huta, da kashin ƙarshe ya fi armashi. Haka kuma wanda yake neman mawaƙi mai barkwanci, mai jan jama'a da hira da wasa, ba zai same shi a nan ba, domin Bombino mutum ne mai kunya, jita ce bakinsa.

Da aka tashi, sai aka sanar cewa masu tikitin gaba ne kawai za su shiga bayan dandamali su gaisa da shi, aka kuma tsayar da mai gadi a bakin hanyar. Mutane da yawa suka juya suka nufi ƙofa, mu kuma wasu muka tsaya daga gefe muna kallon ma'aikata suna naɗe wayoyi. Ba a jima ba sai ga shi ya fito da kansa ta gefen dandamali, ya sauya riga, ƙyallen nan yana naɗe a wuyansa saboda sanyi. Wani daga cikin mutanensa ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, aka kawo ɗan murhun gawayi da ƙaramar butar shayi da 'yan kofunan gilashi, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa a nan inda kowa zai iya isa gare shi. Bai yi jayayya da masu tsarin ba, bai kuma ce a kori mai gadi ba, wurin zamansa kawai ya canza, da haka dokar ta warware da kanta.

Wanda ya fara isa gare shi wani dattijo ne mai farin rawani, yana dogara sanda. Kafin dattijon ya ƙaraso ya riga ya miƙe tsaye, ya tare shi ya kama hannunsa da hannu biyu yana rusunawa, suka yi doguwar gaisuwa irin ta Abzinawa, wadda ake shafa tafin hannu a janye a sake shafawa ana tambayar lafiyar gida da iyali da dabbobi. Bai zauna ba sai da dattijon ya zauna, kuma kofin shayi na farko shi aka miƙa wa. Bayansa sai wani yaro da bai wuce shekarun makarantar sakandare ba, wanda ya zo da tsohuwar jita a cikin buhu, tsirkiyoyinta sun yi tsatsa, yana so a sa masa hannu a jikinta. Ya karɓe ta ya jujjuya, ya kara kunnensa a jikinta, ya murɗa maɗaurin kowace tsirkiya har ta daidaita, sannan ya kaɗa wani ɗan gajeren salo a hankali sau biyu, ya mayar wa yaron ya ce ya gwada. Yaron ya kasa saboda rawar hannu. Sai ya kama yatsunsa ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a inda ya kamata, suka sake tare har ya fita. A lokacin nan akwai masu manyan riguna a tsaye suna jiran a ɗauke su hoto, amma bai ɗago ya dube su ba sai da ya gama da yaron ya sa masa hannu a jitar.

Da layi ya zo kaina na durƙusa na ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira." Ya amsa da Hausa, irin ta mutanen Agadas mai ɗan karin Buzanci, da murya ƙasa-ƙasa har sai da na matsa kafin in ji shi sosai. Da ya kama hannuna na ji kan yatsunsa na hagu sun yi kanta, sun yi tauri saboda shekarun da suka yi suna dukan tsirkiya. Ya tambaye ni daga ina na zo, da na faɗa masa sai ya tambayi lafiyar hanya da ta mutanen gida, ya sa aka zuba mini shayi, mai ɗaci da kumfa a sama. Na gaya masa cewa kashin jitar katako ya fi shiga raina, na kuma yi ƙorafin yadda ganguna suka danne muryarsa daga baya. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi ya ba ni haƙuri, bai ɗora laifin a kan kowa ba. Tsawon zaman da muka yi bai duba waya ba, bai leƙa bayana don ya ga wa yake tafe ba, kuma bai ambaci ko ɗaya daga cikin nasarorinsa ba.

Nasarorin kuwa ba ƙanana ba ne. Faifansa mai suna Nomad, wanda ya ɗauka a Amurka tare da makaɗin ƙasar Dan Auerbach, ya fito a 2013 ya kai shi manyan dandamalin duniya. Deran, wanda ya ɗauka a Kasabalanka ya fitar a 2018, ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka saka cikin jerin masu takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a shekarar da Seun Kuti na Najeriya da Fatoumata Diawara ta Mali suke cikin jerin, ko da yake wata ƙungiyar mawaƙa ta Soweto ce ta lashe. Mun sha ganin waɗanda ba su kai rabin wannan ba sun kewaye kansu da ƙarti, gaisuwa ma sai da ɗan aike. Na tashi na bar shi a kan tabarmar yana ɗaukar hoto da wata mata da ɗanta da ya yi barci a kafaɗarta, layi kuma bai ƙare ba, ga dare ya raba, ga shi ya kwashe lokaci mai tsawo a tsaye yana kiɗa.

Ba zan yi wa kowa alkawarin cewa a kowane wasa za a samu irin wannan zama ba, domin ya danganta da wuri da tsaro da gajiyar tafiya, kuma tikiti kiɗa ya saya maka, gaisuwa kyauta ce. Wanda zai je ya tafi da rigar sanyi idan lokacin hunturu ne kuma a fili za a yi, ya isa da wuri saboda layin ƙofa, kada kuma ya wahalar da kansa da tikitin gaba, domin wurin da sauti ya fi daidaita shi ne tsakiyar fili, kusa da teburin mai kula da na'urori. Idan da hali ya tafi da aboki mai jin Tamashek. Abu ɗaya da na nema ban samu ba shi ne teburin sayar da faifansa, wanda rashinsa asara ce ga mai wasa da masu kallo baki ɗaya, tun da da yawa daga cikinmu mun so mu saya ya sa mana hannu. Wanda kuma yake so ya gwada kunnensa kafin ya biya kuɗi, ya fara sauraron faifan Agadez na 2011, domin a cikinsa akwai waƙoƙin jitar katako da na lantarki duka, kuma shi ya fi kusa da abin da zai ji a dandali. Idan wannan ya karɓe shi, sai ya bi da Sahel na 2023.